Masu Gadin Mahaifa da Kwanakin Wata

Batun yau na iyayenmu mata ne da 'yan'uwanmu mata, amma ina roƙon magidanta kada su murɗa akwatin rediyo zuwa wata tasha, domin kafin mu rabu maganar za ta iso ƙofar ɗakinsu. Kan mahaifa za mu yi magana, da jinin al'ada, da yadda jikin mace yake tsare kansa daga cuta. Za mu yi ta cikin ladabi, amma ba za mu yi kwana-kwana ba, tunda babu kunya a wajen neman lafiya.

Jikin ɗan'adam ba ya son baƙo. Wanda aka dasa wa ƙodar wani, sai ya dawwama a kan magani, in ba haka ba garkuwar jikinsa ta far wa ƙodar ta lalata ta. To, ɗan da ke kwance a cikin uwa rabin halittarsa daga uba take, watau a wurin jikin uwar rabinsa baƙo ne. Maniyyi kuwa ɗungurungum baƙo ne. Amma mahaifa takan bar maniyyi ya wuce, ta karɓi ɗan tayi, ta raine shi wata 9. Ta wannan hanya ɗaya da maniyyi ke bi kuma ƙwayoyin cuta ke neman kutsawa, su kuwa dole a tare su. Wani masani ɗan Birtaniya, Peter Medawar, wanda ya yi suna a binciken dashen fata, shi ya fito da tambayar fili a 1953: me ya hana jikin uwa korar abin da ke cikinta? Shekara 70 da ɗoriya ke nan ana bin sawun amsar, kuma wani yanki nata yana cikin wata siririyar shimfiɗa da ta lulluɓe cikin mahaifa.

Wannan shimfiɗa ita ce ke zubowa duk wata a matsayin jinin al'ada. Mu ɗauki macen da al'adarta ke zagayowa a kwana 28, ko da yake daga 21 zuwa 35 duk lafiya ne. Idan jini ya ɗauke, shimfiɗar ba ta wuce kaurin milimita 2 zuwa 4. Sai sinadarin istirojin da ke fitowa daga ma'ajiyar ƙwai ya shiga gina ta, tana ƙara kauri kullum. Wajen kwana na 14 ƙwai ya fito. Gurbin da ƙwan ya bari sai ya soma fitar da wani sinadarin, furojestaron, wanda ke tausasa shimfiɗar, ya cika ta da jijiyoyin jini da abincin ɗan tayi. Tsakanin kwana na 20 da na 24 ne take shirye ta karɓi ciki. In ciki bai shiga ba, gurbin nan ya mutu, furojestaron ya ja baya, shimfiɗar ta rushe ta zubo, a sake sabon gini. Macen da ba ta yi haihuwa da yawa ba takan yi wannan zagaye sau 400 ko fiye a rayuwarta.

To yaya wannan shimfiɗa take gane cewa ga cuta ta shigo, alhali ba ta da ido ba ta da kunne? Amsar daga ƙuda ta faro, ɗan mitsitsin ƙudan nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro. A 1985, a garin Tübingen na ƙasar Jamus, wata masaniya mai suna Christiane Nüsslein-Volhard da abokan aikinta suka yi bayanin wata ƙwayar gado a jikin ƙudan, wadda suka raɗa wa suna Toll. Aikin da aka san ta da shi a lokacin shi ne tsara inda bayan tsutsar ƙuda zai kasance da inda cikinta zai kasance. Babu wanda ya kawo batun cuta. Sai a 1996, a birnin Strasbourg na Faransa, Bruno Lemaitre da Jules Hoffmann suka ɗauko ƙudajen da wannan ƙwayar gado ta lalace a jikinsu, suka sa musu fumfuna. Cikin 'yan kwanaki suka mutu, zaren fumfuna ya tsiro ya rufe jikinsu ruf, alhali 'yan'uwansu masu lafiyayyar ƙwayar sun tsira. Ashe Toll mai gadi ce. A 1997 Ruslan Medzhitov da Charles Janeway na jami'ar Yale a Amurka suka nuna cewa mutum ma yana da irinta. A 1998 kuma Bruce Beutler, a birnin Dallas, ya gano ta hanyar ɓeraye ainihin abin da ɗaya daga cikin irin waɗannan masu gadi take shinshinowa: wata guba da ke jikin ɓawon wasu bakteriya. Beutler da Hoffmann sun sami kyautar Nobel a 2011 a kan wannan aiki.

Yau an san ɗan'adam yana da irin waɗannan masu gadi guda 10, likitoci suna kiransu TLR, suna bin su da lamba. Kowane da abin da ya ƙware a kai. Na 4 shi ne mai gane gubar bakteriya irin E. coli, wadda ke zaune a hanji kuma take iya ɓacewa zuwa gaban mace. Na 2 yana gane wasu sinadaran jikin bakteriya da fumfuna. Na 5 kuwa wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita yake hange. Waɗannan a bakin ƙofa suke, a bayan ƙwayar halitta. Na 3 da na 7 da na 8 da na 9 can ciki aka girke su, suna jiran bairos ko bakteriyar da ta riga ta shige, su gane ta da irin rubutun gadonta. Mai gadin nan ba shi da makami. Aikinsa kururuwa. Da zarar ya gane ɓarawo, sai saƙo ya tafi tsakiyar ƙwayar halitta, ita kuma ta saki sinadaran da ke kiran fararen ƙwayoyin jini, jijiyoyi su buɗe, wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura. Kumburin nan da muke gudu, shi ne amsa kururuwar.

Ku lura da inda aka girke su a jikin mace, domin akwai hikima a ciki. A wani bincike da aka yi a jami'ar Sheffield ta Ingila a 2005, an ga mai gadi na 4 a cikin bakin mahaifa, da shimfiɗar mahaifa, da bututun ƙwai, amma ba a gan shi a fatar farji ba. Masana suna ganin dalilin a fili yake. Ƙasa wuri ne mai jama'a. Akwai miliyoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a farjin mace mai lafiya, suna fitar da tsami mai hana miyagu sakewa. Da an cika wurin da masu saurin kururuwa, da mace ba ta rabu da kumburi ba. Sama kuwa, cikin mahaifa da bututu, bakteriya kaɗan ne ƙwarai, don haka duk baƙon da ya bayyana abin tuhuma ne.

Sai mu zo kan kwanakin wata. A 2007 aka wallafa bincike biyu da suka auna waɗannan masu gadi a shimfiɗar mahaifar mata a kwanaki daban-daban. Na farko daga Sheffield ɗin dai, aikin Reza Aflatoonian da Alireza Fazeli da abokansu. Sun sami duka 10 a shimfiɗar, kuma suka ga cewa na 2 zuwa na 6, da na 9 da na 10, sun fi yawa bayan fitar ƙwai, lokacin da furojestaron ke mulki. Na biyu daga Tokiyo ta ƙasar Japan ya bi huɗu daga cikinsu, na 2, na 3, na 4 da na 9, ya ga sun fi yawa dab da zuwan jini da lokacin jinin, sun fi ƙaranci a kwanakin fitar ƙwai. Binciken biyu ba su yi daidai a kan ranar da abin ke kai ƙololuwa ba, kuma abin da suka auna shi ne umarnin ƙera masu gadin, wanda ba lallai ya yi daidai da yawan waɗanda ke bakin aiki ba. Amma sun haɗu a kan abin da ya fi muhimmanci: gadin mahaifa ba ɗaya ba ne daga farkon wata zuwa ƙarshensa. Yana sauka yana hawa da sinadaran jikin mace. A tsakiyar wata, lokacin da ake jiran maniyyi, an sassauta. Can gaba, lokacin da shimfiɗa ta cika da abinci da jini, abin da ƙwayar cuta ke so, kuma rushewa ta gabato, an ƙara ido.

Sai dai yawan masu gadi daban, sakin mayaƙa daban. A wannan lokaci na bayan fitar ƙwai, furojestaron yana danne hanyar da kururuwar ke bi, don kada a far wa ɗan tayin da ke neman wurin zama. Wasu makaman ma ajiye su ake yi. Wannan ya sa a 2008 Charles Wira da John Fahey na Dartmouth a Amurka suka kawo hasashen cewa akwai kwana 7 zuwa 10 bayan fitar ƙwai da mace ta fi sauƙin kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki da makamantanta. Gwaji a kan birai ya goyi bayan hasashen, a kan mutane kuwa har yanzu ana tattara hujja. Kada wani ya ji wannan ya ɗauko kalanda ya ce ya sami ranakun da cuta ba ta kamawa. Babu irin wannan rana.

Ita kanta al'ada, jama'a, kumburi ce da jiki ke kunnawa da gangan. Da furojestaron ya janye, dannewar nan ta tashi. Fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi zuwa shimfiɗar, su saki sinadaran da ke narkar da ita, wasu sinadaran kuma su sa mahaifa ta riƙa matsewa tana turo jinin waje. Matsewar nan ita ce ciwon mara. Saboda haka yarinyar da ke murƙususu a kan tabarma ranar farko da ta biyu ba raki take yi ba, kuma ba shan zaƙi ne ya jawo mata ba. Magunguna irin su ibuprofen suna taimakawa ne don suna rage waɗannan sinadarai, ko da yake mai gyambon ciki da mai zaton tana da juna biyu su tambayi likita tukuna. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarshen lamarin. Wani sashe na shimfiɗar yana zuba, wani sashen ya riga ya soma warkewa, kuma cikin 'yan kwanaki rauni mai faɗin cikin mahaifa ya rufe ba tabo. Yanka ɗaya a hannu yakan bar shaida har tsufa, ga wuri yana rushewa sau ɗaruruwa yana komawa sumul. An kunna wutar a kan lokaci, an kuma kashe ta a kan lokaci.

Matsala tana farawa ne idan kururuwa ta ƙi tsayawa. Kwanakin jini kwanaki ne masu haɗari: majinar da ke toshe bakin mahaifa ta tafi, jini ya rage tsamin farji, shimfiɗa kuma rauni ce a buɗe. Likitoci sun daɗe da lura cewa ciwon mara mai tsanani da zazzaɓi wanda gonoriya ke haddasawa ya fi tasowa a makon da ya biyo bayan fara al'ada. Hanin da addini ya yi na kusantar iyali a kwanakin haila sananne ne ga kowa, ga kuma abin da likita zai ƙara a kai.

Bari mu leƙa cikin bututun ƙwai mu ga abin da ke faruwa idan cutar ta hau. Bututun nan tsawonsa kamar santimita 10 ne, wani wurin raminsa bai wuce kaurin zare ba. Cikinsa shimfiɗe yake da wasu 'yan gasu ƙanana da ido ba ya gani, suna kaɗawa gefe guda ba dare ba rana, suna tura ƙwai zuwa mahaifa. Masu bincike sun sa ƙwayar gonoriya a kan yankin bututu a ɗakin gwaji, suka zuba ido. Ƙwayar cutar ba ta ma kama masu gashin ba, maƙwabtansu ta manne wa. Amma gubar da take zubarwa ta tayar da kururuwa, jiki ya saki sinadarin kumburi, sai ga masu gashin suna saɓulewa suna faɗuwa. Watau mafi yawan ɓarnar martanin jiki ne ya yi ta. Kuma bututu ba shi da baiwar shimfiɗar mahaifa ta warkewa ba tabo. In ya warke da tabo sai ya toshe, ko ya ƙuntace har ciki ya maƙale a cikinsa ya fashe, abin da ke kashe mace cikin sa'o'i in ba a yi mata aiki ba. A garin Lund na ƙasar Suwidin, likita Lars Weström ya bi mata shekara da shekaru, ya ga cewa bayan kamuwa sau ɗaya kashi 8 cikin 100 sun rasa haihuwa saboda toshewar bututu, bayan sau biyu kusan kashi 20, bayan sau uku ko fiye kashi 40.

Nan ne maganar ta shigo gidajenmu. A 1985 aka fitar da sakamakon wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya a kan ma'auratan da suka rasa haihuwa a ƙasashe 25. A cikin matan Afirka da aka duba, kusan rabi bututunsu biyu a toshe suke, alhali a ƙasashe masu arziki kimanin 1 cikin 10 ne. Mafi yawan wannan toshewa daga cuta take: ta saduwa, ta bayan haihuwa, ko ta bayan ɓari da wankin cikin da aka yi da kayan da ba su da tsabta. Binciken ya tsufa, amma hanyoyin kamuwar suna nan. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai an sami sababbin kamuwa da kilamidiya miliyan 129 da gonoriya miliyan 82 a duniya. Ita kilamidiya mafi yawan matan da ke ɗauke da ita ba sa jin komai, tana can tana aiki shiru.

Mu kuwa komai sunansa sanyi. Ƙaiƙayi sanyi, farin ruwa sanyi, ciwon mara sanyi, fitsari da zafi sanyi, kuma laifin duk na masai ne. Baiwar Allah ta je kemis da 'yan kuɗinta, a ƙirgo mata kafso 4 a ƙulle a leda, ta sha kwana 2, zafi ya lafa, ta ce ta warke. Ƙwayar cutar ba ta mutu ba, ta dai koyi jure maganin. Ko kuma ta sha maganin daidai har ƙarshe, amma maigida bai sha ba, abokiyar zamanta ba ta sha ba, bayan mako 2 cutar ta dawo ta inda ta fita. Kowace dawowa sabuwar kururuwa ce a cikin bututu. Shekara 3 ba ciki, sai dangin miji su soma maganganu, a ce juya ce, a soma neman wata. Wannan zalunci ne, kuma sau da yawa wanda ya kawo cutar gidan yana zaune ba wanda ya tambaye shi. Gonoriya da kilamidiya ba a masai ake ɗaukar su ba. Malam maigida, in an rubuta wa iyalinka maganin irin wannan cuta, kai ma naka ne, da duk matan da ke ƙarƙashinka, a lokaci guda.

Haka batun cushe-cushe. Ba na raina gyaran jiki, kuma na san abin da ke tura mata ga kayan mata: neman zaman lafiya a ɗakin aure. Amma duk abin da za a tura cikin farji, alif ne, garin magani ne, sabulu mai ƙamshi ne, ko wanke ciki da maganin kashe ƙwayoyin cuta, yana korar bakteriyar nan masu amfani, wani ma yana ƙona fata ya buɗe wa cuta hanya. Tsarki da ruwa mai tsabta daga waje ya wadatar. Ƙunzugu kuma, auduga ce ko tsumma, a riƙa canzawa a kan kari, in tsumma ne a wanke da sabulu a shanya a rana ya bushe ƙarau, kada kunya ta sa a tura shi ƙarƙashin katifa da damshinsa.

Akwai kuma masu tallar maganin ƙara wa mahaifa garkuwa, a mota da lasifika ko a waya. Duk wanda ya biyo mu daga farko ya ga inda tallar ta karye. Mahaifa ba ƙarin garkuwa take nema ba, daidaito take nema: ta sassauta a ranar sassautawa, ta tsananta a ranar tsanantawa. Misali, akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ke taruwa a shimfiɗar bayan fitar ƙwai, har su kai kusan kashi 70 cikin 100 na fararen ƙwayoyin wurin a farkon ciki. Danginsu da ke yawo a jini kashe ƙwayoyin da bairos ya kama suke yi, su kuwa na mahaifa taimakawa suke a faɗaɗa jijiyoyin da za su ciyar da mabiyiya. Ashley Moffett ta jami'ar Kambirij, tare da Annettee Nakimuli ta jami'ar Makerere a Yuganda, sun nuna cewa yadda waɗannan ƙwayoyi ke karanta alamar da ɗan tayi ya gado daga uba yana da hannu a hawan jinin masu ciki, wanda ke kaiwa ga jijjiga, cutar da ta ci iyaye mata da yawa a ƙasar Hausa. Ko a Birtaniya, inda wasu asibitocin kuɗi ke sayar wa mata allurai don danne waɗannan ƙwayoyi, hukumar da ke sa ido a kansu ta ce babu hujjar cewa suna ƙara haihuwa, wasunsu ma da haɗari. In na asibiti bai tsaya ba, ina ga na cikin kwalba a bakin kasuwa?

Saboda haka iyayena mata, ga alamomin da ba a kwana da su: ciwon mara da zazzaɓi, ruwa mai wari ko mai launin ɗorawa, jini a tsakiyar wata ko bayan saduwa, zafi lokacin saduwa, zazzaɓi ko jinin biƙi mai wari a kwanakin jego ko bayan ɓari. Al'adar da ta yi jinkiri sannan ciwo ya soke gefe guda na mara da jiri, wannan asibiti ne a cikin daren, ba sai gari ya waye ba. Ciwon al'adar da ke hana yarinya zuwa makaranta duk wata shi ma a kai ta a duba, domin kimanin mace 1 cikin 10 tana da lalurar da irin shimfiɗar nan ke tsirowa a wajen mahaifa. Ku riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, ku tafi da takardar wurin likita. Ku kuma magidanta, ku ba da izini, ku ba da kuɗin mota, ku raka su, in an ce a gwada ku, ku miƙa hannu a gwada. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.